Satifiket ɗin ISO 13485 a hannun masu gyaran injinan asibiti: wai me yake tabbatarwa ne?

Ɗauki na'urar nan da ake ratayawa a gefen gadon mara lafiya tana tura magani cikin jijiya kaɗan-kaɗan. Nas ta saita ta a mililita 5 a awa ɗaya, fuskar na'urar ta nuna 5, amma a zahiri 6 take turawa, saboda wanda ya buɗe ta watan jiya ya canza wani ɗan abu a cikinta ya rufe bai sake gwada awonta ba. Ba za ta yi ƙara ba, ba za ta yi hayaƙi ba, ba wanda zai gani da ido. In ruwan gishiri ne kawai ake ƙara wa babban mutum to da sauƙi, in kuwa insulin ne ko maganin da ke riƙe da bugun zuciya kuma jariri ne a gadon, ai magana ta canza. Talabijin in an yi mata mugun gyara kai da kanka za ka gane da ka kunna, injin asibiti kuwa yana iya yin wata shida yana aiki a karkace kowa na yaba shi.

To asibiti ba shi da hanyar tsayawa a kan kowane injiniya yana kallon hannunsa, shi yasa da an zo maganar ba da kwangilar sabis sai ka ji an ce "kuna da ISO?" Kamfani ya zaro takarda mai hatimi, kowa ya gyaɗa kai, a wuce wajen. Ni a ganina nan ne ake yin asarar amfanin takardar, don tana da amfani sosai amma ga wanda ya karanta abin da aka rubuta a jikinta.

Bari mu fara da abin da mutane da yawa suke ɗauka ba daidai ba. Ƙungiyar ISO, wadda aka kafa a 1947 kuma ofishinta ke Janeba a ƙasar Suwizalan, ba ta ba kowa satifiket. Aikinta rubuta ƙa'ida ne kawai ta sayar da kundin. Masu zuwa su duba kamfani su ba shi takarda wasu kamfanoni ne daban masu zaman kansu, irin su BSI da TÜV SÜD da SGS da DNV, su ma kuma akwai masu sa musu ido, wato hukumomin tantancewa na ƙasashe kamar UKAS a Birtaniya, ANAB a Amurka, DAkkS a Jamus, waɗanda suke auna su da wata ƙa'idar mai suna ISO/IEC 17021-1. Hawa uku kenan, mai gyara, mai duba mai gyara, da mai duba mai dubawa. In hawa na uku babu shi, wato wanda ya ba da satifiket ɗin ba wata hukuma da ta tantance shi, to takardar ba ta fi wadda kai ma za ka buga a firinta ba. Kuma akwai irin su a kasuwa, ka biya yau gobe a turo maka ta imel ba wanda ya tako ƙofar shagonka. Wani abin dariya ma, a Amurka su kamfanonin gyara masu zaman kansu a taƙaice ISO ake ce musu a Turance, haruffa ɗaya da na ƙungiyar, sai ka ji ana maganar ISO mai ISO, sabon shiga ya rasa inda aka dosa.

Ita ISO 13485 ɗiyar ISO 9001 ce. ISO 9001 ta fito a 1987 don kowane irin kamfani, ko siminti kake yi ko otal gare ka. Sai aka ga kayan asibiti suna buƙatar nasu tsarin, aka fitar da 13485 a 1996, aka sabunta ta a 2003, aka sake sabuntawa a 2016, kuma ta 2016 ɗin ce ake aiki da ita. Halinsu ya sha bamban. ISO 9001 hankalinta na kan kwastoma ya gamsu kuma kamfani ya riƙa inganta kansa kullum. ISO 13485 kuwa damuwarta na'ura ta kasance ba haɗari, a bi dokar ƙasar da ake aiki, a kuma rubuta komai. Tana da son takardu ƙwarai, kalmar "rubutaccen tsari" ta cika ta, kuma da gangan ne, domin a harkar nan canji ko da mai kyau ne in ba a auna shi ba haɗari ne. Kamfanin gyara da ya nuna maka ISO 9001 kaɗai bai yi ƙarya ba, yana da tsari, amma ba a tambaye shi tambayoyin da suka shafi mara lafiya ba.

Asalinta don masu ƙera na'ura aka rubuta ta, amma bugun 2016 ya faɗa ƙarara cewa ta shafi duk wanda ya taɓa na'urar a rayuwarta, mai zana ta, mai ƙera ta, mai ajiya, mai rarrabawa, mai girkawa, mai sabis, har mai kwance ta ranar da ta gama aiki. Kamfanin gyara ba ya zana sabuwar na'ura, don haka yana iya ajiye sashe na 7.3 mai maganar zane, da wasu sassan da ba su shafe shi ba, da sharaɗin ya rubuta dalili a kundinsa na inganci. Ba wai ka tsallake abin da ya yi maka wuya ba ne, mai odit, wato wanda ke zuwa binciken kamfani, zai tambaye ka hujja.

Yanzu ga ainihin naman. Sashe na 7.5.4 shi ne na sabis, gajere ne amma yana da nauyi. Ya ce ka kasance da rubutacciyar hanyar yin aikin, da abin da za ka auna da shi, da lambobin da ya kamata awon ya nuna, sannan ka ajiye rekod na abin da ka yi. Ma'ana rahoton da aka rubuta "an gyara, tana aiki" a sa hannu bai isa ba. Ana so a ga lambar jikin na'urar, me aka kawo ta da shi, me aka tarar, wane kaya aka cire wane aka sa, waye ya yi aikin, da wane abin awo ya gwada, kuma nawa awon ya nuna. Lamba ake so, ba alamar maki ba. In na'urar girgiza zuciya ce, wadda ake buga wa ƙirji wuta da ita in bugun zuciya ya rikice, aka saita ƙarfin bugunta a jul 200, a rubuta nawa ta fitar a kan na'urar gwaji. In mai amfani da wuta ce akwai wata ƙa'idar daban, IEC 62353, wadda aka yi musamman don gwajin bayan gyara da gwajin lokaci-lokaci, ita ce ke cewa a auna ƙarfin wayar ƙasa, a auna wutar da ke yoyo ta jikin na'ura ko ta wayoyin da ake manna wa mara lafiya, a kuma gwada ko na'urar na yin aikinta. Wutar da kai ba za ka ma ji ta a yatsa ba tana iya rikita zuciyar wanda aka zura wa waya har cikin ƙirji.

Sashen ya ƙara wani abu da ake yawan mantawa, wai a riƙa komawa ana nazarin rekod ɗin sabis a ga ko abin da aka gyara ɗin a gaskiya ƙorafi ne. Misali injin numfashi iri ɗaya ya zo sau biyar a wata uku duk bawul ɗaya ne ke tsagewa. Injiniya biyar daban kowa ya canza nasa ya tafi, ba wanda ya san na ɗan'uwansa. Tsarin na so wani ya zauna ya haɗa su ya ce kai, wannan fa ba tsautsayi ba ne, a sanar da wanda ya ƙera, in doka ta ce a sanar da hukuma a sanar. Mai gyara shi ne yake ganin cikin na'ura bayan ta yi shekaru a fagen aiki, abin da shi mai ƙerawar ma ba lallai ya gani ba.

Wurin da na fi so a duk kundin shi ne sashe na 7.6, maganar kayan awo. Injiniya yana gwada na'urar asibiti da tasa na'urar, to ita tasa ɗin wa ya gwada ta? Dole a riƙa kai ta ana daidaita ta lokaci-lokaci da wani ma'auni da ya fi ta, shi ma da wanda ya fi shi, har a dangana da ma'aunin ƙasa ko na duniya, kuma galibi ɗakin gwaji mai shaidar ISO/IEC 17025 ake kai wa. Wannan kowa ya sani. Abin da ke ɗaga hankali shi ne sharaɗin da ya biyo baya, in aka kai abin awonka aka tarar ya kauce, ba gyara shi kawai za ka yi ka yi shiru ba, sai ka waiwaya ka duba duk aikin da ka yi da shi tun ranar da aka tabbatar yana daidai, ka rubuta ko sakamakon nan har yanzu abin dogaro ne. Ka ga in a rahotanninka ba ka rubuta lambar abin awon da ka yi amfani da shi ba, ta ina za ka san waɗanne na'urori ne za ka koma ka sake dubawa? Sai dai ka koma wa duka ko ka rufe ido. A nan ne mutum yake gane cewa yawan rubutun nan ba don a wahalar da injiniya ba ne, zare ne da ake bari don ranar da za a buƙaci bin sawu.

Sai kayan canji. Sashe na 7.4 ya ce ka tantance wanda kake saye a wurinsa, gwargwadon haɗarin abin da kake sayen. Roban ƙafar tebur da batirin na'urar girgiza zuciya ba matsayinsu ɗaya ba. Ƙa'idar ba ta ce dole sai kayan kamfanin asali ba, amma in ka sa wani to kai ne za ka nuna hujjar cewa ya yi daidai da na asalin, kuma ka san daga ina ya fito, don ranar da aka ce wani rukunin batir yana kumbura ka iya faɗin asibitocin da ka sa wa. Maganar horo ma haka take a sashe na 6.2, ba a tsaya ga takardar makaranta ba, ana so a ga shaidar cewa wannan mutumin ya iya wannan na'urar, kuma an duba ko horon ya shiga. Gwanin injin hoton ƙashi ba shi ne gwanin injin wankin ƙoda ba. Har manhajar kwamfuta da kamfani ke ajiye rekod a ciki, bugun 2016 ya ce a gwada ta a tabbatar tana yin abin da ake zato, ko da wani ɗan shafin Excel ne da ke lissafa ranar sabis na gaba. Rekod kuma a ajiye shi aƙalla tsawon rayuwar na'urar, kada ya gaza shekara 2 ko ta halin ƙaƙa.

Yadda ake samun takardar ba wani sirri a ciki. Kamfani ya rubuta tsarinsa ya yi aiki da shi na ɗan lokaci, ya yi odit na cikin gida, shugabanni su zauna su duba sakamako. Mai ba da satifiket ya zo zagaye na farko ya duba takardu, ya dawo zagaye na biyu ya shiga wurin aiki ya zaro fayil-fayil ya yi wa ma'aikata tambayoyi. Abin da ya samu ba daidai ba ya rubuta shi babba ko ƙarami, babba sai an magance shi kafin a ba da takarda. Tana aiki shekara 3, ana leƙowa duk shekara, a ta ukun a sake babban odit.

Amma fa ka lura, mai odit kwana kaɗan yake yi, kuma ɗebo yake. Cikin rahoto dubu ƙila ya karanta ashirin. Kuma kamfanin ne yake biyansa, wannan ma gaskiya ce da ba a cika son faɗa ba, shi yasa hawa na ukun nan yake da muhimmanci. Na taɓa shiga wani wurin gyara ana saura sati ɗaya odit, na tarar da mutum biyu sun zauna suna cike fom ɗin horo na shekara guda a zama ɗaya, har ana canza biro don kar tawada ta zama iri ɗaya. Sun ci odit ɗin. Na kuma ga wani wurin da takardunsu ba su da kyan gani sam amma kowane rahoto akwai lambar awo ta gaske, har da wuraren da aka rubuta "ta faɗi gwaji, an sake buɗewa". Ni rahoton da ke nuna faɗuwa ya fi kwantar min da hankali, wurin da shekara uku ba na'ura ɗaya da ta taɓa faɗuwa gwaji kam akwai alamar tambaya.

Abu na gaba da ya kamata mai ba da kwangila ya karanta shi ne layin da ke faɗin iyakar satifiket ɗin. Kowace takarda tana ɗauke da jimla ɗaya ko biyu da ke cewa an tantance kamfanin nan a kan kaza, a adireshi kaza. Kamfani na iya samun ISO 13485 ta gaske a kan sayarwa da rarraba kayan asibiti, ba kalmar gyara ko ɗaya a ciki, ya zo yana neman aikin sabis da ita. Ko ta ce gyaran na'urorin duban ɗan tayi, shi kuma yana neman kwangilar injinan sa barci na ɗakin tiyata. Ko ta ambaci babban ofishi kaɗai, alhali reshen da zai yi maka aikin ba mai odit ɗin da ya taɓa ganinsa. Duk ba jabu ba ne, kawai ba ta shafi aikinka ba. Kuma takardar shaidar tsarin kamfani ce, ba shaidar wata na'ura ba, don haka manna tambarin ISO a jikin injin da aka gyara kamar shi aka tantance ma kuskure ne.

To doka ta tilasta ne? A nan abin ya ɗan cakuɗe. A Amurka hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna da kayan asibiti, ta fitar da rahoto a watan Mayun 2018 kan harkar sabis, bayan majalisa ta umarce ta a wata doka ta 2017. Ta ƙiyasta kamfanonin da ke wannan aiki a ƙasar tsakanin 16,520 da 20,830, ta ce hujjar da ke hannu ba ta kai a ɗora musu sabuwar doka ba a lokacin, amma ta ƙarfafa su rungumi tsarin inganci da kansu. Ta kuma lura cewa yawancin munanan abubuwan da ake jingina wa gyara, in an duba, ba gyara ba ne, sake ƙira ne. Daga baya a Fabrairun 2024 ta fitar da dokar da ta shigar da ISO 13485 ta 2016 cikin dokarta ta masu ƙera na'ura, aka sa ranar fara aiki 2 ga Fabrairun 2026. Wasu sun ji haka sun ɗauka kowa ya shiga, a'a, masu ƙerawa ta shafa, kuma FDA ta ce ita ba ta bayar da satifiket, ba ta kuma karɓar sa a madadin binciken jami'anta. Mai gyara zalla kasuwa ce ke tura shi ga takardar, asibitoci da masu ba da kwangila.

Wannan iyaka tsakanin gyara da sake ƙira ita ce ramin da kamfani ke faɗawa bai sani ba. Gyara shi ne ka mayar da na'ura yadda mai ita ya ƙera ta. In abin da ka yi ya canza aikinta ko amincinta sosai, ko ya canza abin da aka yi ta dominsa, to a idon FDA ka zama mai ƙerawa, duk nauyin da ke kansa ya hau kanka, sunan da ka kira kanka bai dame su ba. Sun fitar da cikakken bayani a kan haka a Mayun 2024. Ɗauki bututun kyamara da ake zurawa cikin hanji, fatarsa ta waje ta yage, ka sa wata roba daban mai araha. A ido ya yi kyau. Amma roban nan zai taɓa cikin mutum, za a kuma riƙa jiƙa shi a sinadarin kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaruruwa, wa ya gwada ko zai jure, ko manne da aka yi amfani da shi ba zai tsage ya zama maɓoyar ƙwayoyi ba? Turai ma dokarta ta kayan asibiti mai lamba 2017/745, wadda ta fara aiki 26 ga Mayun 2021, ta ce a sashe na 23 duk mai sayar da kayan canji ya tabbatar bai taɓa amincin na'urar ba kuma ya ajiye hujja, in kuwa kayan ya canza aikinta sosai to shi kansa a matsayin na'ura za a ɗauke shi. Kamfanin gyara mai tsarin kirki yana da matakin da injiniya zai tsaya ya yi wannan tambayar a rubuce kafin ya sa abin da ba na asali ba, kuma a nan ne ake jawo ISO 14971, ƙa'idar auna haɗari, ta yi aiki.

Akwai kuma rigimar da takardar ba ta iya warwarewa. Gyara na buƙatar ka yi aiki da lambobin mai ƙerawa, to in ya hana ka littafin sabis fa, ko ya kulle manhajar gwajin da kalmar sirri, ko ya ce kayan canji sai injiniyansa? Masu ƙerawa suna cewa lafiyar mara lafiya suke karewa, su ana bincikensu masu gyara ba a bincikensu. Masu gyara suna cewa kasuwar sabis ce ake karewa, kuma ga shi mun yi ISO 13485 ɗin da kuke yi, sai me kuma? Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa. Lokacin korona a 2020 abin ya fito fili da injinan numfashi suka yi ƙaranci, har kamfanin iFixit ya tattara dubban littattafan gyaran kayan asibiti ya zuba a intanet kyauta, a 2021 kuma aka yi sassauci a dokar haƙƙin mallaka ta Amurka da ya ba da damar tsallake makullin manhaja don gyaran na'urar asibiti, ƙungiyoyin masu ƙerawa suka garzaya kotu. Satifiket dai ba ya buɗe kalmar sirri, abin da yake yi shi ne ya tilasta wa kamfani ya san iyakarsa, na'urar da ba shi da bayananta ya ce ba zai taɓa ba.

Ƙananan kamfanoni su ne abin ya fi yi wa nauyi, mutum huɗu ko biyar, ga kuɗin odit duk shekara ga kuɗin daidaita kayan awo ga mutum guda da kusan rabin lokacinsa zai tafi a takardu. Kuskuren da suka fi yi shi ne sayen kundin da wani ya rubuta wa masana'anta su canza suna kawai, sai ka ga shagon gyara da tsarin ɗakin da ba ƙura wanda ba su da shi ba su kuma buƙata. Mai odit kuwa da abin da ka rubuta yake kama ka, ka rubuta za ka yi abu goma kana yin shida, ka ba shi laifi huɗu da hannunka. Gara shafi biyu da injiniya zai iya bi yana tsaye gaban inji.

In ni ne a kujerar mai ba da kwangila, bayan na karanta layin iyaka na kuma shiga shafin wanda ya ba da takardar na ga lambarta na nan da rai, abu ɗaya zan ƙara nema. In zaɓi na'ura ɗaya da suka gyara bara, ni zan zaɓa ba su ba, in ce a kawo min rahotonta, da takardar daidaita abin awon da aka ambata a ciki, da shaidar horon wanda ya sa hannu, da rasit ɗin kayan da aka canza. Sai in duba agogo in ga minti nawa za a ɗauka.